Ƙuri'ar Ohio ta 2011: me ya sa karkara ta tsaya wa 'yan ƙwadago?

Wani ɗan'uwa malamin firamare, wanda yake wakiltar abokan aikinsa a reshen ƙungiyarsu, ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji labarin wata doka a jihar Ohio ta Amurka da ta rage wa ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati ƙarfin yin ciniki a kan albashi da sharuɗɗan aiki, aka kai ta gaban jama'a suka kayar da ita, har da mutanen karkara waɗanda suka saba zaɓen jam'iyyar gwamnan da ya kawo ta. Yana son ya san wane yanki ne ya zaɓi me, kuma mene ne dalili.

Malam, abin da ka ji haka yake. Ranar 8 ga Nuwamban 2011 aka yi ƙuri'ar raba gardamar, mutum sama da miliyan 3 da rabi suka fito, kusan kashi 62 cikin 100 suka ce ba sa son dokar, kashi 38 suka ce a bar ta. Ohio tana da gundumomi 88, gunduma kuwa ka ɗauke ta kamar ƙaramar hukuma a wajenmu. A cikin 88 ɗin nan, 82 sun yi watsi da dokar, 6 kacal suka goyi bayanta. Shekara ɗaya tal kafin nan, yawancin waɗannan gundumomi su ne suka ɗora John Kasich na jam'iyyar Republican a kan kujerar gwamna. Ni a fahimtata, in kana son ka gane taswirar wannan ƙuri'a, ajiye maganar jam'iyya tukuna, ka tambayi kowace gunduma abu ɗaya: albashin wa ke riƙe da garin nan?

Sai dai kafin mu kai ga taswirar, ya kamata ka san abin da dokar ta ƙunsa, domin a nan asirin yake. Tun 1983, zamanin Gwamna Richard Celeste, ma'aikatan gwamnati a Ohio suke da haƙƙin zama da masu ɗaukarsu aiki a ƙungiyance su daidaita a kan albashi, inshorar lafiya, lokutan aiki da sauransu. Malaman makaranta suna iya yajin aiki. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana ba su da wannan dama, amma an ba su wani abu a madadinta: in ciniki ya cije, sai a kira mai sulhu ɗan ba-ruwana ya yanke hukunci, kuma hukuncinsa ya hau kan kowa. A farkon 2011 sai Sanata Shannon Jones ta gabatar da ƙudiri mai lamba 5 a majalisar dattawan jihar. Ƙudirin ya haramta yajin aiki ga duk ma'aikacin gwamnati, ya soke hukuncin mai sulhu, ya ce in an kasa daidaitawa majalisar gari ko hukumar makarantu ce za ta zaɓi tayin da za a bi. Wato wanda kake jayayya da shi, shi ne kuma alƙalinka. Ya wajabta wa ma'aikaci biyan aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin inshorar lafiyarsa, ya hana gwamnati ɗaukar masa kasonsa na fansho, ya cire ƙarin albashi bisa daɗewa a aiki ya maye gurbinsa da na ƙwazo, ya kuma hana ƙungiya yin ciniki a kan yawan ma'aikatan da za a ajiye a bakin aiki. Mutum wajen 350,000 abin ya shafa.

Masu dokar suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Jihar tana fuskantar giɓin kasafin kuɗi da aka ce ya kai dala biliyan 8, garuruwa da makarantu na kukan nauyin albashi da inshora, ma'aikacin kamfani mai zaman kansa kuma yana biyan kaso mai tsoka na inshorarsa. Da a kan inshora da fansho kaɗai aka tsaya, ina da yaƙinin da wuya a kayar da dokar, domin mutane da yawa sun ga adalci a wannan ɓangare. Amma an haɗa komai a kwando ɗaya. Babban kuskuren shi ne sa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana a ciki. A jihar Wisconsin, Gwamna Scott Walker ya yi irin wannan doka a watannin nan, amma ya tsame waɗannan rukunoni biyu. Ohio ba ta tsame su ba. Tun a majalisa ɓaraka ta bayyana: da ƙuri'a 17 da 16 ƙudirin ya tsallake a majalisar dattawa, sanatoci 6 na Republican suka ƙi shi, har sai da aka cire Sanata Bill Seitz na Cincinnati daga kwamitin da ke duba ƙudirin kafin ya samu fitowa. Kasich ya sa masa hannu ranar 31 ga Maris.

Kundin tsarin mulkin Ohio ya ba jama'a kwana 90 su tara sa hannu domin a dakatar da sabuwar doka a kai ta akwatin zaɓe. Ana bukatar sa hannun mutum kimanin 231,000, kuma dole ne a samo wani kaso daga aƙalla gundumomi 44, rabin jihar ke nan. Ka riƙe wannan sharaɗi, domin shi ya tilasta wa ƙungiyoyin fita daga manyan birane su shiga ƙauyuka tun daga ranar farko. A ƙarshen Yuni suka yi jerin gwano a Columbus, babban birnin jihar, da babbar mota shaƙe da kwalaye, suka miƙa sa hannu kusan miliyan 1.3. Bayan an tantance, sama da 900,000 suka inganta. Kowane sa hannu a cikin kwalayen nan hira ce da aka yi da wani a ƙofar gida, ko a bakin coci, ko a filin ƙwallon makaranta, wata biyar kafin ranar ƙuri'a. A takardar ƙuri'ar, "eh" na nufin a bar dokar, "a'a" na nufin a soke ta.

To yanzu ga taswirar. Arewa maso gabas da gaɓar tafkin Erie ba su ba kowa mamaki ba. Cleveland, Akron, Youngstown, Lorain, sai Toledo can yamma: yankin ƙarfe, taya da motoci ke nan, inda ƙungiyar ƙwadago gadon gida ce. Toledo ta yi yajin aikin masana'antar Auto-Lite a 1934, Akron ta yi na masu yin taya a 1936, Youngstown ta ga jini a yajin aikin ƙarfe na 1937. Ranar 19 ga Satumban 1977 kamfanin Youngstown Sheet and Tube ya sanar da rufe masana'antarsa, mutum wajen 5,000 suka rasa aiki, har yau mutanen wurin suna kiran ranar da baƙar Litinin. Wanda ya tashi a gidan da fanshon kaka daga yarjejeniyar ƙungiya yake fitowa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Waɗannan gundumomi sun ce "a'a" da gagarumin rinjaye, kuma saboda yawan jama'arsu su ne suka zuba mafi yawan ƙuri'un.

Inda nake son ka tsaya ka duba da kyau shi ne kudu maso gabas, yankin tsaunukan Appalachia da ke bin kogin Ohio. Yanki ne na talakawa fararen fata, masu riƙo da addini, masu son bindigoginsu, waɗanda a al'amuran aure da tarbiyya ra'ayin mazan jiya suke bi. Amma gundumominsa irin su Athens, Monroe, Belmont, Jefferson da Scioto suna cikin waɗanda suka fi tsananin ƙin dokar a duk faɗin jihar. Dalili na farko tarihi ne. Yankin kwal ne. Kwarin Hocking ya yi babban yajin aikin mahaƙa a 1884, kuma a Columbus aka kafa ƙungiyar mahaƙan Amurka a 1890. Ramukan kwal sun ragu, masana'antun ƙarfe da na tangaram sun rufe, amma labarin abin da ƙungiya ta yi wa iyaye bai mutu ba.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi ƙarfi a wajena. Ka ɗauki ƙaramin gari a wannan yanki, masana'antar da ta riƙe shi ta tafi shekara ashirin da suka wuce. Wa ya rage da albashi mai zuwa a kan lokaci da inshorar lafiya mai kyau? Malamar makaranta, direban motar ɗaukar ɗalibai, mai dafa abincin makaranta, ɗan sandan gunduma, mai share dusar ƙanƙara a titi, gandiroba. A gundumomi da yawa na wannan yanki hukumar makarantu tana cikin manyan masu ɗaukar aiki. Mai shagon kayan gini a garin, wanda bai taɓa zaɓen jam'iyyar Democrat, abokiyar hamayyar Republican, ba a rayuwarsa, ya san waɗanda ke shigowa shagonsa ƙarshen wata. Manomin da gonarsa ba ta ba shi inshora, a ƙarƙashin inshorar matarsa malamar makaranta yake kai 'ya'yansa asibiti. In ka zo ka ce masa ma'aikatan gwamnati sun yi wa jihar nauyi, matarsa yake gani a idonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga kuma gidajen yari, waɗanda masu sharhi kan manta da su. Jihar ta gina da dama daga cikinsu a ƙananan garuruwa, kamar Chillicothe da Lucasville. A Lucasville, cikin gundumar Scioto, fursunoni sun yi tawaye a Afrilun 1993, aka kwana 11 ana fama, gandiroba ɗaya da fursunoni 9 suka rasa rayukansu. Bayan wannan, maganar gandiroba nawa za a ajiye a kowane sashe ta zama maganar rai da mutuwa ga iyalan garin. Dokar da ta ce ƙungiya ba ta da bakin magana a kan yawan ma'aikata ta taɓa wannan tabo. Haka ma 'yan kwana-kwana: mutum huɗu ne a kan mota ko uku, wannan shi ne bambancin shiga gida mai ci da wuta da tsayawa a waje ana jiran taimako. Masu adawa da dokar sun gane haka, shi ya sa tallace-tallacensu a talabijin ba shugabannin ƙungiya suka sa a gaba ba, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan jinya suka sa. Wanda ya fi tasiri shi ne na wata tsohuwa a Cincinnati da ke ba da labarin yadda aka ceto tattaɓa-kunnenta daga gobara. Ɗaya ɓangaren ya yanki hotonta ya sa a nasa tallan kamar tana goyon bayansu, abin ya zame musu abin kunya, gidajen talabijin da yawa suka daina nuna shi. Shi kansa gwamnan ya ƙara wa wutar fetur, domin a farkon shekarar an ji shi a bainar jama'a yana kiran wani ɗan sanda da ya taɓa tsayar da shi a hanya wawa, daga baya ya nemi afuwa.

Gundumomi 6 da suka ce "eh" su ma suna da abin koyarwa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Delaware da Warren unguwannin masu hali ne a gefen manyan birane. Delaware tana arewa da Columbus, tana kan gaba a arziki a jihar, a can ma Kasich yake zaune. Warren tana tsakanin Cincinnati da Dayton, daga can Sanata Jones ta fito. Kada ka rikita ta da birnin Warren, wanda yake can arewa maso gabas a gundumar Trumbull, shi kuwa garin ƙungiya ne gaba da baya. Mazauna waɗannan unguwanni ma'aikatan banki ne, da inshora, da manyan kamfanoni, kowa shi yake cinikin albashinsa da kansa, kuma harajin gida mai nauyi suke biya domin makarantu. Su a matsayin masu biya suka kalli dokar. Miami, arewa da Dayton, ta ɗan yi kama da su.

Mercer da Shelby kuwa karkara ce, amma wata irin karkara dabam da ta Appalachia. Yammacin jihar ne, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai albarka, jikokin Jamusawa mabiya ɗarikar Katolika, masu kiwon kaji da aladu da noman masara. Rashin aikin yi a Mercer yakan kasance cikin mafi ƙanƙanta a jihar. A Shelby akwai babbar masana'antar injinan Honda a garin Anna, mai biyan albashi mai kyau ba tare da ƙungiya ba. A irin wannan wuri aikin gwamnati ba shi ne gatan gari ba, saboda haka ba a ji zafin dokar a tukunyar gida ba. Holmes kuma ita kaɗai ce irinta: kusan rabin mutanenta 'yan Amish ne, wata ɗarikar Kirista, masu hawa keken doki, waɗanda yawancinsu ke tafiyar da makarantunsu da kansu, ba sa shiga ƙungiyar ƙwadago, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke zuwa rumfar zaɓe. Ka ga ke nan kalmar "karkara" ba ta bayyana komai ba. Mercer karkara ce, Monroe ma karkara ce, sun rabu ne a kan abin da ke ciyar da su. Ko a tsakiyar yankin Republican ɗin ma, gundumar Butler, mahaifar siyasar John Boehner wanda a lokacin shi ne kakakin majalisar wakilan Amurka, "a'a" ta ce.

Yanzu sai in ja maka kunne, Malam, domin na san inda zuciyar ɗan ƙungiya za ta tafi. Nakan ba ɗalibaina taswirar zaɓen gwamna ta 2010 da ta wannan ƙuri'a su jera su a kan tebur, kuma kusan kullum abin da suke fara cewa shi ne jihar ta sauya sheƙa. Ba ta sauya ba. A ranar nan, a takardar ƙuri'ar nan, akwai wata tambaya mai lamba 3 da ke ƙin tilasta wa mutane sayen inshorar lafiya, wato suka ce kai tsaye ga dokar lafiya ta Shugaba Obama. Ta samu kusan kashi 66 cikin 100, ta yi nasara a duk gundumomi 88. Dubban ɗaruruwan mutane sun mari gwamnan Republican da hannun dama, suka mari shugaban Democrat da hannun hagu, a cikin minti ɗaya. Abin da ya haɗa amsoshin biyu shi ne ƙin a zo daga sama a taɓa wa mutum abin da yake hannunsa. A 2014 Kasich ya sake tsayawa, ya ci gundumomi 86, Athens da Monroe kaɗai suka ƙi shi. A 2016 Donald Trump ya ci jihar da tazarar kusan kashi 8, gundumar Trumbull ta koma wajensa, Mahoning ta Youngstown ta bi sahu a 2020. Yankin Appalachia da ya fi kowa kare ƙungiya a 2011 yau yana cikin inda Republican ta fi ƙarfi. Mutum yana iya son katin ƙungiyarsa ba tare da ya so jam'iyyar da shugabannin ƙungiyar suke bi ba.

Abu na biyu, taswirar gunduma tana ruɗin ido. Gundumar Cuyahoga, inda Cleveland take, tana da mutum sama da miliyan 1.2, Vinton kuwa ba ta wuce 13,000 da 'yan kai ba, amma a taswira kowacce launi ɗaya take samu. Kuma taswira ba ta gaya maka wane ne ya yi zaɓen. In gunduma mai yawan ma'aikatan gwamnati ta ce "a'a", ba ka da tabbacin ma'aikatan ne kaɗai, ko maƙwabtansu ne, ko kuwa masu goyon bayan gwamna ne suka zauna a gida. Shekarar ba ta babban zaɓe ba ce, ƙasa da rabin masu rajista ne suka fito, kuma wanda aka taɓa wa abinci ya fi wanda aka yi wa alkawarin rangwamen haraji saurin tashi da asuba. Kuɗi ma sun yi aiki: ɓangaren ƙungiyoyi ya tara wajen dala miliyan 40, ya ninka abin da ɗaya ɓangaren ya bayyana sau uku ko fiye.

Abu na uku shi ne siffar tambayar kanta, kuma a nan maƙwabciyarsu Michigan ta ba da darasi mai ɗaci. Michigan ita ce gidan ƙungiyar ma'aikatan motoci, jihar Detroit da Flint. Ganin nasarar Ohio, ƙungiyoyin can suka kai tasu tambayar a Nuwamban 2012, suna neman a rubuta haƙƙin ciniki a ƙungiyance cikin kundin tsarin mulkin jihar. Suka sha kaye da kashi 57 da 43, a ranar da Obama ya ci jihar cikin sauƙi. Wata guda bayan nan Gwamna Rick Snyder ya sa hannu a dokar da ta hana tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiya, dokar da ta zauna har majalisa ta soke ta a 2023. A Ohio ƙungiyoyi kariya suke yi, suna neman "a'a". A Michigan su ne masu neman sabon abu, suna neman "eh", mai shakka kuwa "a'a" yake dangwalawa. Missouri ta tabbatar da wannan a Agustan 2018: jihar da Trump ya ci da tazara mai faɗi ta kayar da irin dokar Snyder da kashi 67 cikin 100, yawancin gundumomin karkara suna ciki. Ita Ohio ma ta taɓa yin haka tun 1958, lokacin da aka kayar da irin wannan ƙudiri, guguwar ta tafi da gwamna mai ci da kuma Sanata John Bricker.

Na san za ka so ka auna wannan da gida. A Najeriya babu hanyar da talakawa za su tara sa hannu su soke dokar majalisa, kuma dokokin ƙwadago da mafi ƙarancin albashi na hannun tarayya, shi ya sa faɗanmu a titi da teburin sulhu da kotun ma'aikata yake ƙarewa. Abin da za ka iya ɗauka shi ne tambayar da na fara da ita. A ƙaramar hukumar da albashin malamai da ma'aikatan lafiya shi ke motsa kasuwa, mai shago da mahauci da ɗan acaɓa suna da kaso a yarjejeniyarku ko ba su sani ba, kuma aikin wakili ne ya zauna da su tun kafin rikici ya taso.

Dokar 1983 tana nan da ranta a Ohio. Daren da aka kayar da dokarsa a 2011, Kasich ya amince cewa jama'a sun yi magana, kuma bai sake kawo ƙudirin ba, ko da yake kasafin kuɗinsa ya zaftare kason da jihar ke ba ƙananan hukumomi, wanda ya matse ma'aikatan ta wata ƙofar. A Maris na 2025 Gwamna Mike DeWine ya sa hannu a wata doka da ta haramta yajin aiki ga malaman jami'o'in gwamnati, su kaɗai, babu ɗan sanda a ciki, babu ɗan kwana-kwana, babu gandiroba. Malaman jami'ar Youngstown suka jagoranci tara sa hannu domin a kai ta gaban jama'a kamar yadda aka yi a 2011. Kwana 90 suka cika ba su kai adadin da ake bukata ba, dokar ta fara aiki a ƙarshen Yuni.